Ban-Yarda-Ba Ya Tafi, Mudunsa Yana Nan

Assalamu alaikum. Shugaban cibiyarmu, malamanmu na jami'a, Baba mahaifin marigayi, uwar 'ya'yansa, 'ya'yansa uku, abokan aiki da maƙwabta, sannunku da zuwa, sannunmu da haƙuri.

An ce in yi magana a kan abokin aikinmu, wanda muke kira Ban-Yarda-Ba. Ku gafarce ni idan muryata ta ɗaga. Da niyyar kuka na fito, amma duk abin da na tuno nasa sai in ji ƙirjina ya cika da alfahari.

Baba, bari in faɗa maka aikin ɗanka, tunda ka sha tambayarsa yana ce maka sai kun zauna. Mu muna zana hanyoyin lantarki ne na cikin ƙwaƙwalwar na'ura, abin da bai kai farce girma ba. Da zarar masana'anta ta ƙera shi, bakin alƙalami ya bushe, kuskure ba ya gyaruwa. Shi ya sa ake gwada zane a kwamfuta tukuna. Da hannu muke rubuta gwaje-gwajen, ɗari uku a wata biyu, har muna kuri. Sai ɗanka ya rubuta manhajar da ke ƙirƙiro gwaji da kanta, dubu hamsin kafin shayi ya huce!

Ya kasance mutumin da ba a rufe masa baki da "ai mun duba".

Wata Talata mun gama zanen na'urar da ke auna maganin da ake ɗura wa jarirai a asibiti, saura kwana biyu mu tura wa masana'anta. Ni na zana sashen ƙidayar ɗigo. Sai ga shi a guje, hula a karkace, yana cewa, "Ta kama! Ta kama!"

Na ce, "Wa ta kama?"

Ya ce, "Kai manhajata ta kama mana, abokina! In batir ya yi sanyi daidai lokacin da aka danna maɓalli, na'urarka ninka maganin take yi."

Na ce wannan ko sau ɗaya a miliyan da wuya ya faru. Manaja ya ce a tura haka, a gyara a zubi na gaba. Bawan Allahn nan ya jawo kujera ya zauna a bakin ƙofa, ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan ɗayan ma ɗan wani ne. Ban yarda ba."

Mako uku muka ƙara muna gyara, mako guda cur ban gaishe shi ba. Bara aka haifa mini jika bakwaini, kwana tara ta yi a jone da na'urar nan. Ga ta can a bayan uwarta tana jan ɗankwali. Jama'a, me zan ƙara?

Ya kasance mai gaskiyar da ba ta ƙyale shi kansa ba. Ya ce kowane mai manhajar gwaji tasa yake yabo, alhali babu mudu ɗaya da ake auna su da shi. Sai ya tara zane arba'in, ya sa muka ɓoye kurakurai a ciki ba tare da ya san inda suke ba, ya ce duk mai manhajar gwaji ya kawo, a ga nawa za ta tono. Sakamako ya fito, tasa ta zo ta uku! Wata injiniya da ba mu taɓa jin labarinta ba ita ta zo ta ɗaya. Muka shiga satar kallonsa. Sai ya miƙe yana tafi: "Mudu ya yi! Bai san mai shi ba!" Ranar ya aika mata da saƙon barka, ya roƙe ta ta koya masa dabararta. Injiniya, ga ki zaune a layi na uku. Kin yi doguwar tafiya, kin kuma karɓi riƙon mudun nan. Mun gode.

Uwar 'ya'ya, mun cinye miki lokacinsa da yawa, kuma ke kika yi jinyarsa wata biyar ba ƙorafi. Ki yafe mana. 'Ya'yanmu, ƙofar ɗakin gwaji a buɗe take gare ku, kuna da iyaye goma sha ɗaya a ciki.

Na gode da kuka saurare ni. Ya Allah, bawanKa ya ƙare rayuwarsa yana tono kuskure kafin ya cuci wani. Nasa kurakuran kuwa, Ka lulluɓe su da rahamarKa, kada Ka tona ko ɗaya. Amin.