Marlene Takan Ajiye Butar Kofi

Fada Mykola, limamin cocinmu. Uwargida Tessier, shugabar ƙaramar hukuma. Stan, mijin marigayiya. Darlene, 'yarta, da yaranki. Jama'ar gari, ina gaishe ku, ina yi mana gaisuwar rashi baki ɗaya.

Ni ne Orest Bilyk. Shekara ashirin da shida ina zama a teburin manoma a gidan abincin Marlene, shi ya sa aka ce in yi magana a madadinmu.

Ta kasance mai faɗa, kada mu yi mata ƙarya. Ta kasance mai ƙona burodi ta ce haka ake cinsa. Amma ta kasance in ka fara magana takan ajiye butar kofi, ta dube ka, har sai ka kai ƙarshe.

Shekarar da ƙanƙara ta kwantar mana da alkama, wata huɗu da rasuwar matar Walt Hrycan, ya shigo da safe ya ce, "Wa ke son karena? Kyauta."

Muka kwashe da dariya. Na ce, "Wannan tsohon? Ko da buhun alkama ka haɗa mini ba na so."

Mu shida muka ji shi. Marlene kaɗai ta saurara. Ta jawo kujera ta zauna gabansa, ta ce, "Walt, kai da ko coci sai da karen nan a mota, ina za ka da ba za ka tafi da shi ba?"

Ya sunkuyar da kai. Ta juyo ta ce mana, "Ku tashi, na rufe." Sai da yamma suka fito, ita ke tuƙa motarsa, bindigarsa kuma ta koma hannun Stan. Ga Walt can a layi na uku. Shi ya ce in faɗa.

To ga abin da ke damun raina. A watan Afrilu sau uku tana ce mana, "Matakalar nan ta fara yi mini tsawo." A na ukun na ce, "Tsufa ne, yarinya, barka da zuwa." Ta yi murmushi ta ƙara mini kofi. Ashe zuciyarta ce ke gazawa. Duk mun ji. Babu wanda ya ce mata zauna, gaya mini.

Stan, ka yafe mana. Kai kaɗai ka yi ta fama da ita ta je asibiti. Da mun sa baki, wataƙila da ta je. Darlene, duk ranar da kika so yin maganar mahaifiyarki, ko bayan shekara goma ne, ki zo ki same mu. Ba za mu katse ki ba, ba za mu ce ki daina kuka ba.

Mun gode wa matan coci da suka dafa abinci, da waɗanda suka bar gonakinsu suka zo. Ya Allah, ka ba Marlene hutawa ta har abada, ka riƙe Stan da Darlene, mu kuma ka gafarta mana. Amin.