Kujerar Marigayi Torsten

A kasuwar gwanjon ranar Asabar a garin Borås na ƙasar Sweden, wata tsohuwa mai sayar da doguwar kujera ta tsare matashiyar da ta taya.

"Ƙonawa? Kujerar mijina marigayi Torsten za ki ƙona?"

"Mama, sau uku ke nan ina gaya miki, aikinmu ne. Ɗaki muke ginawa, mu zuba kaya, mu cinna wuta, mu ga minti nawa mutum ke da shi kafin hayaƙi ya tare ƙofa. Da haka ake gyara tsarin gidaje."

"Kuma har albashi ake ba ku. Shekara talatin Torsten na gyangyaɗi a kanta da sigari, ko ƙauri ba ta taɓa yi ba."

"Gashin doki ne a cikinta, shi ya sa zan gwada ta da na zamani. Masu soson nan, minti uku ɗaki ya kama da wuta."

"Irin mai laushin da 'yata ta sayo mini?"

"Ina kika ajiye ta?"

"Gindin taga, kusa da kyandirorina. Nan nake ɗan kishingiɗa da rana."

Tsohuwar ta zauna daram a kan kujerar.

"Na fasa. Biyo ni gida ki ɗauki sabuwar."