Ranar da Ta Share wa Wuta Gida

A tashar bas ta Pahoa, wani gari a tsibiri mai dutsen aman wuta, wata tsohuwa ta leƙa littafin wani malamin firamare, ta ga hoton dutse mai aman wuta. Ina zaune bayansu.

"Ɗana, me za ka gaya wa yaran?"

"Gaskiya, Anti. Dutse ke narkewa a ƙarƙashin ƙasa, ya taso."

"Pele fa, uwargijiyar dutsen?"

"Ba ta cikin jarrabawa."

"Ka ji shi! Da wuta ta nufo gidana, masana suka ce saura kwana uku. Na kwashe jikokina, na koma na share gidan tas. Ba a tarbar baƙuwa da datti."

"Ai na'urarsu ce ta cece ku."

"Na musa? Amma jikata ba ta daina kuka ba sai da na ce Pele ce ta zo karɓar ƙasarta."

Ya rufe littafin.

"Yara shida a ajina sun rasa gidajensu. Da na fara darasin sai su sunkuyar da kai. Amma ba zan ƙaryata littafin ba."

"Wa ya sa ka? Mu je ajin tare, ka faɗi naka, in faɗi nawa. Ƙarfe nawa ne darasin?"

"Tara."

"Likitan gwiwar da zan je gani ya jira sai gobe. A ina za mu sauka?"