Ko Ƙwarzane Babu

A bencin jira na wani asibiti a Injamena, tsoho Jimet ya matsa wa wata mata mai riƙe da fulas.

"Sannu 'yata. Wa ke kwance?"

"Maigidana ne, Baba. Jiya aka cire masa tsakuwa a hanyar matsarmama. Idonsa ya koma ruwan ɗorawa, fitsari kamar shayi."

"Subhanallahi! Kuka bari aka farke masa ciki?"

"Wane ciki? Ko ƙwarzane babu. Likitar nan mai bincike kan cutar, ta baki ta zura masa wata doguwar roba mai fitila, ta buɗe hanyar, tsakuwar ta faɗa hanji. Ga shi can yana min faɗa wai kunu ba sukari."

"Ta baki? Haba 'yata, ki ji tsoron Allah!"

"Wallahi, Baba. Shekararta uku tana wannan aikin a nan."

Jimet ya juyo ya dube ta.

"Uku? Bara ne fa. Haka idon matata Ashta ya yi, har da ƙaiƙayin jiki. Likitan garinmu ya ce a kawo ta nan. Na ce ba mai sa wa uwar 'ya'yana wuƙa ina raye. Ban ko tsaya na ji yadda ake yi ba. Muka koma gida, muka yi ta jiƙo."

"Ayya. To, ya jikin nata yanzu?"

Sau biyu aka kira sunan Jimet daga ɗakin likita, bai motsa ba.

"Ta baki," ya ce a hankali. "Ashe ba wuƙa. Allah ya jiƙanki, Ashta."