Gidan ashanar da na yi a Katako

Tunkiyar innata aka sayar aka yi mini kuɗin mota daga Dogondutsi. Na sauka Yamai bayan kaka, na faɗa rumfar wani maƙerin gwangwani a kasuwar Katako, Alhaji Sule. Can ba a cewa maigida, sai "patron". Ni "faturo" bakina yake iyawa, mutanen rumfar suka yi ta dariya har suka gaji.

Aikina yankan gwangwanin tumatir. Wata rana na ga ashanar mai shayinmu ta jiƙe a kan tebur, sai na lanƙwasa masa wani ɗan gidan ashana mai marfi. Wata madam daga unguwar Filato, irin masu baza turare tun daga bakin hanya, ta gani ta ce a yi mata ashirin, amma da wurin ƙyastawa a jiki.

Na manna takardar yashi ta kafintoci. Ai abu mai kaushi ne, ko ba haka ba? Ban gwada ko ɗaya ba.

Madam ta zo, ta ƙyasta. Shiru. Ta sake, kan ashanar ya marmashe. Har guda bakwai.

Patron ya ce, "Kai ɗan ƙauye, a garinku da yashi ake kunna wuta?"

"Alhaji, a yi haƙuri."

"Jibi. In bai kama ba, ka bar mini rumfa."

Na ji tsoro, don a rumfar nake ci, a cikinta nake kwana. Mai shayin ne ya ce mini ashanar yanzu ba ta kamawa sai a jikin jan maganin nan na gefen kwalinta. Na bi masu shayi da masu taba har unguwar Gamkalle ina roƙon kwalin da babu komai ciki, suna kallona kamar taɓaɓɓe. Na yanke gefunan, na yi musu ɗan wurin zurawa a jikin gwangwanin, yadda in ɗaya ya cinye a zura sabo.

Ƙyasta ɗaya madam ta yi, wuta ta tashi. Ta ce, "Wa ya yi dabarar nan?"

Patron ya ce, "Ni."

Na koma kan yankan gwangwanina. Zama a rumfar nake so, na kuwa samu, shekara huɗu, har na dawo gida da almakashina da gudumata. In kun je Katako ku tambaya, ana yinsa har yau. Gidan ashanar Alhaji Sule ake ce masa.