Wuƙa Aka Fara Nema

Assalamu alaikum Malama mai gabatarwa, barka da aiki. Ni malamin makaranta ne a Shagari, da ɗacin rai nake rubuto miki.

Ina cikin bas daga Bodinga, babur na gabanmu, yayan ɗalibata Sa'adatu ya goyo ta. Kusa da Lambara wata saniya, irin waɗanda ake saki ba makiyayi bayan girbi, ta faɗo titi suka yi karo. Na sauko da gudu, yarinya na kwance tana cewa, "Malam, ƙahwata!"

Sai ga mai saniyar yana ihu: "Ku kawo yuƙa, kar ta yi mushe!" Wallahi sai da aka yanka ta sannan ya waiwayi yarinyar. Na ce, "Baba, da ka nemi igiya da safe, da ba ka nemi wuƙa yanzu ba."

Ga jarrabawa ta zo, Sa'adatu tana gidan mai ɗori.

Masu sauraro, ku ba mu shawara: wa zai sa a ɗaure dabbobin nan? Ina gaida Sa'adatu. Kujerarki tana nan, ban ba kowa ba.