Dutsen Bayan Haikali Ba Wurin Hoto Ba Ne

Mai girma shugabar majalisar garinmu, Uwargida Sumitra Moger, babban limamin haikalinmu, dattawan masunta, iyayenmu mata masu sayar da kwakwa da soyayyen kifi, 'yan'uwana masu ɗaukar hoto a bakin teku, jama'a maza da mata, ina yi muku gaisuwar mai juyayi.

Ina godiya da kuka bar jiragenku da rumfunanku a tsakiyar kakar baƙi, kuka zo kuka saurare ni.

Maganata ta farko a kan Damodar Kharvi ce. Kun san shi. Tun ana wanke hoto a ɗaki mai duhu yake rataye da kyamara a wannan gaɓa. Watan jiya wani baƙo ya zo daga birni da amaryarsa, ya ce sai a ɗauke shi hoto a kan baƙin dutsen nan na bayan haikali, rana na faɗuwa a bayansa. Damodar ya ƙi, ya ce ruwa na cikowa. Ina tsaye ina jin su. Baƙon ya yi dariya ya ce, "Baba, in jiƙa wando kake tsoro, matsa, wayar matata ta ishe mu."

Ya hau dutsen, amaryar ta ɗauke shi hoto daga matakalar haikali, sai igiyar ruwa ta share shi. Damodar ya miƙo min kyamararsa ya faɗa teku. Ya yi ta turo baƙon har masunta suka kamo shi da gora. Baƙo ya koma gida da ransa. Damodar kuwa sai da teku ya ga dama ya maido mana da gawarsa.

Ta biyu ta fi ɗaci. Hoton nan da amaryar ta ɗauka ya bazu a duniya. Ana yabon jan sararin sama, ana yabon hasumiyar haikali, ana yabon jarumtar wanda ya hau dutse, babu mai ambaton wanda ya mutu. Yau motoci na sauke mana baƙi, kowa da waya a hannu yana cewa irin wannan yake so. Abin takaici, a cikinmu akwai masu kai su kan dutsen. Kwaɗayi mabuɗin wahala ne, kuma in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Saboda haka ina roƙon majalisa ta katange dutsen nan kafin iskar damina. Ina roƙon liman ya riƙa gargaɗin masu ziyara. Mu kuma masu kyamara, mu yi alkawari a gaban dattawa: ba mu, ba dutsen nan.

Duk wanda zuciyarsa ke rawa, ya ji wannan. Girija, matar marigayin, furanni take sayarwa a ƙofar haikali. Jiya wata baƙuwa ta nuna mata hoton tana tambayar hanya. A can gefen hoton sai Girija ta hango mijinta, ya ɗaga hannu sama. Da yamma ta same ni ta ce, "Ƙanena, 'sauko' yake ce masa, su kuwa sun zaci kiran su yake yi."

Ubangiji ya jiƙan Damodar, ya ba Girija da 'ya'yanta haƙuri. Ya kare masu shiga ruwa, ya mayar da kowane baƙo ga danginsa da ƙafafunsa, mu ma ya kai mu gidajenmu lafiya.

Na gode.